Karkarwar Kan Babur a Hanyar Gafasa

Lokacin da nake aikin malamin gona a ƙauyukan Ajingi, ina da wani dogon babur irin na shiga jeji, wanda na saya na hannu a Kano. Abin da ya fi burge ni a jikinsa ƙafarsa ta gaba ce, wato dogayen bututun ƙarfe biyun nan da ke riƙe da tayar gaba. Kowanne akwai sifirin da mai a cikinsa, su ne ke shanye gargadar hanya. Ƙafar tana da taushi ƙwarai. Sai in faɗa rami ban ji komai a kafaɗata ba. Ni ba mai gudu ba ne, don haka mun dace da juna.

Ɗan gwaggona, wanda yake taubashina, shi ne ya ɗora wa babur ɗin ido. Yana da shagon gyaran waya a Gaya, kuma ba shi da abin kallo sai bidiyon masu tseren babur a kan tuddan ƙasa. A hanyar Kademi akwai wani tsohon rami da aka haƙi jar ƙasa don aikin titi. Samari sun mai da shi filin tsere, duk Juma'a bayan la'asar suna zagaye shi suna tsallake tudu. Ya yi ta roƙona har na ara masa sau ɗaya. Ya dawo yana tsaki.

"Malamin gona, wannan ai katifa ka saya," in ji shi. "Ina dira daga tudu ƙafar gaba ta nutse har ƙarfe ya daki ƙarfe. Kuma a kwana sai ka lallashe shi kamar tsohon jaki."

Muka tafi wurin bakanikena tare. Ɗan Gwaggo ya zo da buƙata uku. A zuba mai mai kauri a cikin bututun, a sa guntun roba a kan sifirin don ya ƙara tauri, sannan a kwance notin da ke damƙe bututun a wuyan babur a turo su sama kamar faɗin yatsa biyu, don gaban ya rusuna. Biyun farko ban ƙi ba, domin nakan ɗauki buhun iri, kuma da kaya nakan ji gaban yana nutsewa in na taka birki. Na ukun ne ban gane ba.

Bakaniken ya ce, "Kowane gyara da abin da yake ci. In gaba ya rusuna, zai sha kwana kamar almakashi. Amma a miƙaƙƙiyar hanya, sai an riƙe shi da kyau."

"Ai maza ne za su riƙe," in ji ɗan Gwaggo yana kallona yana dariya.

Aka yi duka ukun. A cikin gari na ji daɗinsa. Ina tunanin juyawa, ya riga ya juya.

Ranar Laraba da hantsi na kama hanyar Gafasa. Farkon damina ne, an yi ruwa ya ɗauke, hanyar ta bushe ta yi ƙananan kunyoyi a jere. Tun a nan na ji bambanci. Ƙafar ta daina shanye ƙananan gargada, kowacce sai ta taso ta bugi tafin hannuna. Na makara, manoma na jirana, sai na ƙara wuta. Daga nan hanyar ta miƙe ta shiga yashi.

Ban san abin da tayar ta taka ba. Kan babur ya girgiza sau ɗaya, ya sake, sannan ya ƙwace. Ya dinga kaɗawa hagu da dama da saurin da ido ba zai bi ba, yana dukan tanki, ƙaf-ƙaf-ƙaf. Na damƙe shi da iya ƙarfina, sai ya zama ni yake kaɗawa. Haƙorana suna haɗuwa, ƙafata ɗaya ta zame daga mataki. Na sassauta totur, abin ya ƙaru. A gabana akwai kuka a bakin hanya, ina ganin girman gindinta yana ƙaruwa.

Ba dabarata ce ta cece ni ba. Girgizar ce ta jefa ni baya a kan kujera, nauyina ya bar tayar gaba, sai kawai kan ya lafa. Na wuce kukar da ɗan tazarar da ba na son tunawa, na faɗa gonar gero, kunyoyi suka tare ni, babur ya kwanta da ni a hankali.

Wani dattijo da ke noma a wurin ya zo ya ɗaga mini shi. Ko ƙwarzane ban yi ba, amma na kasa tsayuwa. Ya miƙo mini butar ruwa, na sha. Ya ce, "Zauna, yaro. Aiki ba ya guduwa." Na daɗe a zaune. Da na tashi, da giya ta ɗaya na ƙarasa Gafasa, ƙafafuna suna jan ƙasa.

Da na dawo na je shagon ɗan Gwaggo na faɗa masa komai. Ya saurara, sannan ya ce, "Tsoro ne ya sa ka sandare hannu. Babur yana jin tsoron mahayinsa." Na ce ko ma mene ne, sai an mai da ƙafar yadda take. Na biya wurin bakanike, aka ce ya tafi ɗaurin aure sai Asabar. Na kai babur gida na jingine shi a zaure, na koma hawan haya.

Ranar Juma'a bayan la'asar na dawo daga gaisuwar wani maƙwabci, na tarar zaure wayam. Matata ta ce ɗan Gwaggo ya zo, ya ce ni na aiko shi. Na tare ɗan acaɓa na ce ya kai ni ramin hanyar Kademi.

Na tarar an riga an fara. Ga jama'a a kan gaɓar ramin, ga babura suna zagayawa, nawa ne a gaba. Gaskiya ya yi kyau a kwana. Inda sauran ke buɗewa, shi sai ya lafe ya yanke. Ya hau tudu ya tashi sama ya dira, ƙafar gaba ta ɗauke shi ba ta nutse ba, mutane suka ɗau tafi. Amma bayan tudun akwai doguwar miƙa mai yashi, kuma ita nake kallo. Na gangara ina ɗaga hannu ina kiran sunansa. Ƙarar inji ta cinye muryata.

A zagaye na farko kan ya ɗan girgiza, ya tsira. A na biyu ya shigo da gudun da ya fi na farko. Na ga abin ya fara kafin kowa ya gani, domin na san shi a hannuna. Kan ya kaɗa, ya kaɗa, tayar gaba ta karkace ta nutse cikin yashi, babur ya kafa kai, bayansa ya tashi. Ɗan Gwaggo ya wuce ta sama ya faɗo da kafaɗa. Hular kwanon da ya aro ta fice ta gangara.

Na isa kansa ban san yadda na yi ba. Yana kwance rigingine, ido a buɗe, baki a buɗe, ƙirjinsa ba ya motsi. Wani ya kama ƙafarsa zai ja, na daka masa tsawa ya saki. Na durƙusa ina kiransa, ina share masa yashi daga fuska. Abin da ke zuwa raina kawai shi ne ƙofar ɗakin Gwaggo, da yadda zan tsaya a bakinta, da abin da zan ce.

Can sai ya ja wani dogon numfashi mai ƙara, ya yi tari. Na ce ya motsa yatsun ƙafa. Ya motsa. Na ce ya faɗi sunana, ya ce, "Malamin gona," da ƙyar. A nan ne hawaye suka zo mini.

Aka samo adaidaita sahu, muka kwantar da shi a jikina zuwa asibiti. Duk ramin da muka faɗa sai ya ciji leɓe, ni kuma in ce wa direba ya yi a hankali. Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji shi ne ya karye, ga tsagewa a wuyan hannu. Sai da aka ɗaure shi na tafi wurin Gwaggo. Na fara da cewa yana da rai kuma yana magana. Ta dube ni, ta ɗauki mayafinta ta ce, "Mu je."

Bututu ɗaya ya lanƙwashe, sai da aka nemo wani a Kano. Bakanike ya mai da ƙafar tsayinta na asali, ya rage kaurin man, ya bar robar. Babur ɗin ya koma lafiyayye, amma na yi watanni in na hango miƙaƙƙen yashi sai tafin hannuna ya jiƙe.

Ɗan Gwaggo ya warke da ɗan ƙullutu a kafaɗa. Daga baya ya sayi nasa dogon babur ya koma ramin, duk da faɗan Gwaggo. Har yau yana cewa yatsa ɗaya ya kamata mu turo, ba biyu ba. Ya sha gayyatata in zo kallo. Nakan ce masa ina da aiki, sai in zauna a gida da waya kusa da ni har a kira magariba.