Tsoho Mai Sanda da Hannun Baba

Har yau in ƙamshin man goge baki ya bugi hancina, sai in ganni durƙushe a tsakar gidanmu na Masaka ina goge faifan gem, wasan nan da ake yi a talabijin. Kai da ka taso a zamanin waya ba za ka gane ba. A lokacinmu in faifai ya karce, man ake shafa masa, a goge da gefen riga, a hura, a yi bisimilla a saka.

Baba direba ne a wata ma'aikata cikin gari, lokacin da benaye ke tsirowa a Abuja kamar ciyawar damina. Wata safiya ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka dawo da shi daga asibiti sai ya juya fuska bango. Ba ya magana, abinci kuwa sai Mama ta yi kuka yake taɓawa.

Abin da ya juyo da shi, wallahi, gem ɗin faɗa ne da yayana ya sayo a gwanjo. A ciki akwai wani tsoho mai sanda da babu yaron da ke zaɓa. Baba ya daɗe yana kallonmu ta wutsiyar ido, rannan ya ce a miƙo masa. Ya ɗora abin dannawar a cinya, ya gano cewa da yatsu biyu na hagu tsohon nan zai yi ta ɗirkar mutum ba numfashi. Ya lallasa mu, ya yi dariya da rabin baki. Ranar har ƙarin tuwo ya nema.

Sai faifan ya mutu. Na shafa mai har Mama ta ɓoye sauran. Na karaɗe kasuwar Masaka cikin taɓo, shago-shago, kowa amsarsa ɗaya: "Yaro, wannan old one ne, ya ƙare. Sabo ya fito."

Sabon muka kawo. Ga tsohonmu, ga sandarsa, har an yi masa sabuwar riga, amma an kashe masa gwiwa. Ya yi nauyi, kuma bugun da Baba ya dogara da shi yanzu sai an haɗa da maɓallin can ɗaya gefen, wato sai mai hannu biyu. Baba ya danna, ya danna, tsoho na tsaye ana jibgarsa. Sai na fara sakaci da gangan don ya ci. Wasa biyu ya gane.

"Ni za ka mayar yaro?" ya ce. Ya ture abin da gwiwa, ya koma bangonsa.

Tsoro ya kama ni. Na ji haushin waɗanda suka ƙera gem ɗin kamar in haɗu da su a hanya. Me tsohon ya yi musu? Kwanon Baba ya koma fita yadda ya shiga.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na ɗauki tsohon ɗankwalin Mama na sa yayana ya ɗaure min hannun dama a baya. Duk dawowa daga makaranta haka nake zama gaban gem, ina shan kashi, gumi na shiga min ido, yatsuna na ƙagewa. Sai da damina ta kusa janyewa na gano sirrin. Sabon tsohon ba ya kai hari, jira yake. In ka bari abokin faɗa ya kawo duka, dannawa ɗaya tak, sai ya kama hannunsa ya maka shi da ƙasa.

Na zauna bakin gadon Baba a ɗaure, na kira yayana. Na zaɓi tsohon, na kayar da yayan nawa sau uku. Na ji gadon ya motsa a bayana.

"Kwance ɗankwalin uwarka," Baba ya ce. "Miƙo nan."

Yau shekarun Baba da yawa a ƙasa, Allah Ya jiƙansa. Yanzu babu faifai, ta iska ake canza mutanen gem. Jiya ɗana ya zo yana kumbura, wai an lalata masa gwaninsa. Na ce ya ba ni in gani. Sai na ga ya tsaya yana kallona.

"Abba, me ya sa ka mayar da hannunka baya?"