Kunnen NyaChavula

Duk ranar Laraba, da an tashi aiki a sashen kula da intanet na jami'armu a nan Mzuzu, kowa sai ya bazama neman mai keke kafin ruwa ya sauko. Ita kuwa Towera Chavula, wadda muke kira NyaChavula, lokacin take ɗora ruwan shayi. Ta tura ƙofa, ta ɗaura zani a kan siket saboda sanyi, ta maƙala abin sauraro, ta shiga taro da mutanen da wasunsu yanzu suke karin kumallo, wasu kuma sun fara hamma. Fiye da shekara ashirin ke nan tana haka. Mijinta, Adada Gondwe, tsohon malamin firamare mai bakin tsiya, yakan gaya wa maƙwabta cewa matarsa 'yar majalisar duniya ce, sai dai majalisar ko kuɗin sabulu ba ta biya.

Bai yi ƙarya ba. In ka taɓa wayarka da aka ƙera a wata ƙasa, ta buɗe shafin da ke wata nahiya ba tare da gardama ba, to wasu mutane ne suka riga suka yi gardamar a madadinka. Injiniyoyi ne daga ko'ina, suke zama su daddale ƙa'idojin da na'urori za su bi su fahimci juna. Kuma suna da wata al'ada da za ta ba ka dariya in ka fara ji: ba sa ɗaga hannu, ba sa ƙuri'a. Shugaban zama ne zai ce masu goyon bayan kaza su yi amo, sai su rufe baki su yi "mmm" kamar ƙudan zuma. Ya tambayi ɗaya ɓangaren, su ma su yi. Daga nan sai ya faɗi inda ɗakin ya karkata. Babu wanda zai iya ƙirgawa, komai ya rataya a kan kunnen mutum ɗaya da gaskiyarsa.

NyaChavula ta daɗe tana shugabantar ɗaya daga cikin waɗannan rukunoni, kuma kunnenta ba na banza ba ne. Tun tana budurwa take horar da mawaƙan cocinsu. Tana iya gaya maka cewa mutum uku ne ke ɗaga murya a gaba, sauran suna motsa leɓe kawai.

Akwai wani aiki da ta sa ranta a kai. Ƙanwarta Lusungu nas ce a asibitin wani ƙauye a bakin tafki, wajen Usisya. In aka kawo mai ciwon da ya fi ƙarfinta, sai ta ɗauki hoto ta tura wa likita a nan gari. Hoton ya kusa isa, layi ya yanke, a koma farko. Sau tari sai ta bar majinyaci ta hau tudu da waya a sama. NyaChavula ta shafe shekaru tana rubuta ƙa'idar da za ta sa in layi ya dawo, saƙo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sai ga wani injiniya ɗan Brazil, Osvaldo Teixeira, ya zo da tasa dabarar a kan wannan matsala. Ta fi sauƙin sakawa a wayoyi, amma a ganin NyaChavula ba ta san wahalar layi irin namu ba. Ɗaya kaɗai za a ɗauka.

Ranar da za a yanke, a wani babban taro a Turai, bai kamata a ce ita ke kan kujera ba, tunda maganar ta shafe ta. To abokin shugabancinta, wanda ya kamata ya zauna a madadinta, jirgi ya bar shi. Osvaldo da kansa ya miƙe ya ce shi ya amince ta saurara. Shi ne ya ba mu labarin abin da ya biyo baya, don ita ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Ta nemi masu goyon bayan tata ƙa'idar su yi amo. Ɗaki ya ɗauka, da ƙarfi kuwa. Ta nemi na Osvaldo, amon ya fito a sanyaye. Osvaldo ya ce har ya fara naɗe wayar cajinsa. Da a ce a nan ta yanke cewa tata ce ta yi rinjaye, da babu mahalukin da zai ce uffan.

Sai ta sauko daga dandamali. Ta lura cewa abokanta, waɗanda suka yi shekaru suna taya ta aikin, su ne suka cika kujerun gaba, dab da kunnenta. Ta taka har tsakiyar ɗakin, ta rufe ido, ta ce a sake. Na farko ya zo da kauri, amma daga kusurwa ɗaya. Na biyu babu ƙarfi, sai dai ta gabanta yake, ta bayanta yake, har bango. Sannan ta koma kujerarta ta ce, "Ɗakin yana tare da Osvaldo."

Da ta dawo gida, Lusungu ba ta raga mata ba. "Yaya, wuƙa da nama suna hannunki, kika miƙa wa baƙo? Ni kuma in ci gaba da hawan tudu?"

"Ba abin da nake so aka tambaye ni ba, Lusungu. Abin da na ji aka tambaye ni."

Ya yi mata ciwo, kada wani ya ce bai yi ba. Kuma Lusungu ta ƙara kusan shekara biyu tana hawan tudun nan. Amma Larabar da ta zagayo, NyaChavula ta ɗora shayinta kamar kullum. Ta ɗauki aikin Osvaldo ta riƙa gwada shi a kan layin Usisya, tana nuna masa duk inda ya gaza, yana gyarawa, har ya tsaya da ƙafarsa. Yau hoton Lusungu yana isa. Sunan Osvaldo ne a saman takardar ƙa'idar, nata kuwa yana can ƙarshe, cikin waɗanda aka yi wa godiya.

NyaChavula, ke ce wadda aka ba amanar da babu mai iya dubawa, kika riƙe ta kamar duniya na kallo. Ke ce kika tashi daga inda ake jin daɗin zance, kika je inda ake jin gaskiyarsa. Mu da muke zaune ofis ɗaya da ke, kunya ta kama mu da muka ji labarin daga bakin baƙo.

Watan jiya ta ajiye kujerar. Ba gajiya ba ce, kunnen hagu ne ya fara yi mata nauyi, ta ce ba za ta yanke hukunci a kan abin da ba ta ji sosai ba. Muka yi mata walima da sima, tuwonmu na masara, da soyayyen usipa, ƙananan kifin tafki, mawaƙanta suka zo, Lusungu ta hawo daga tafki, Osvaldo yana kan allo. Ana cikin ci Adada Gondwe ya buga cokali, ya ce yau shi ne shugaban zama. Masu goyon bayan NyaChavula ta tafi hutu su yi amo. Ɗaki ya yi tsit. Masu cewa ba su yarda ba fa? Aka ɗauka gaba ɗaya, mawaƙa da injiniyoyi da masu shara, Lusungu ta fi kowa, har kofuna suna rawa a kan faranti. NyaChavula ta dafa tebur da tafin hannu, ta rufe ido, hawaye na bin kuncinta.

"Wannan kam na ji shi," in ji ta.

Mun gode, Amama, uwarmu. Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, duk wanda aka ba kujera a cikinmu, komai ƙanƙantarta, in ya ji amo ya yi masa daɗi, ya sauko ya taka zuwa tsakiyar ɗaki, ya ce a sake.