Jawabin Tashar Jirgin Ƙasa

Ina shekarata ta biyu a ajin yaƙi da jahilci maƙwabcinmu a Kakuri ya aika a kira ni. Tsohon ɗan jarida ne, mutumin kudancin jiharmu, kowa Baba yake ce masa. Idanunsa sun daina gani.

"Malam, an ce ka fara rubutu. Zauna, aiki ya same ka."

"Baba, rubutun nawa rarrafe yake yi tukuna."

Ya ce zamanin yaƙin basasa ya tsaya a tashar jirgin ƙasa, ya ji wani hafsan soja yana yi wa kurata jawabi kafin su shiga tarago. Ya aika wa jaridarsu, masu tace labarai suka cire shi ɗungurungum. Yanzu jawabin a kansa kaɗai ya rage, ga mantuwa ta fara gutsurarsa.

Na buɗe littafina. Baba ya miƙe, ya ɗaga sanda, ya fara. Wallahi muryar ba ta tsoho ba ce. Har masu Keke Napep suka rage gudu suna leƙe. Ni ma na saki baki. Ya gama yana haki.

"Karanto mini."

"Kalma biyu na samu, Baba."

"Biyu? Ai kafin ka cika layi an gama yaƙin."

Muka yi dariya, amma na ga ya gaji. Ba zai iya maimaita wannan tsayuwar sau goma ba.

Can sai ya tafa. Ya ce a zamaninsu ta wayar tarho ake aika labari: ka faɗi kalma uku, ka yi shiru, sai mai tafireta ya ce maka ci gaba. Ya sa na juya masa baya don kada in shagala da kallonsa, shi kuma ya kara kofin shayi a kunne a matsayin kan tarho, ni na zama mai tafireta a ofishin jarida na Kaduna.

"Kaduna, kana jina?"

"Ina jin ka, Baba."

"Babu Baba a waya. Ci gaba kawai za ka ce."

Yammaci huɗu muka yi a haka. A nan na gane abin da ya sa aka cire jawabin: hafsan ya gaya wa kuratan ƙiri-ƙiri cewa ba dukansu za su dawo ba. Daf da ƙarshe sai jawabin ya kuɓuce wa Baba. Na jira. Aka kira la'asar, na je na dawo, kofin na nan a kunnensa.

Sai ga shi ya tuno, ya ci gaba da faɗa, kalma uku-uku. Hafsan ya ce kowa ya aika wa mahaifiyarsa wasiƙa kafin jirgi ya tashi, wanda bai iya rubutu ba ya zo, shi zai rubuta masa.

Na rubuta, na karanto masa tun daga farko har ƙarshe. Baba ya ajiye kofin.

"Labari ya shiga. To, a buga."