Ruwan da Dabo Ya Ba Olive

Dabo mutumin Ringim ne, kuma tun a gida ba a san shi da zama wuri ɗaya ba. Shekara tara ya yi yana malamin dabbobi, yana zaga rugage a kan babur da jakar allurai a bayansa. A 2010 ya ci cacar bizar Amurka, ya sauka a garin Laurel da matarsa Tayyiba da 'yarsu Humaira. Ya yi dako a sito, ya yi gadi, ya tuƙa motar rabon kaya, babu wanda ya cika shekara a kansa. Aikin da ya riƙe shi a ƙarshe shi ne na wata cibiyar bincike a hanyar Baltimore, inda aka ɗauke shi kula da birai.

Birai shida ne a ɗakin, amma wadda aka fi ji da ita wata birinya ce mai shekara sha huɗu, Olive. An yi mata tiyata an dasa wayoyi sirara a ƙwaƙwalwarta, masu kai saƙo ga kwamfuta. Kowace rana bayan azahar a zaunar da ita a kujera, a tsare hannayenta, a gefenta ga hannun ƙarfe mai gwiwa da yatsu uku. In ta yi niyyar miƙa hannu, na ƙarfen ne ke miƙewa. In ya taɓa ƙwallon da aka rataya, ɗigon ruwan tuffa ya zubo mata a baki. Burin masu binciken shi ne wata rana mutumin da jikinsa ya shanye ya ci abinci da irin wannan hannu.

Sai dai biri ba ya aikin sa-kai. Saboda haka ake ƙayyade wa Olive ruwa da safe, domin ta zo kujera da ƙishirwa. Abin da ba ta samu a wurin aiki ba ana cika mata da yamma, likitan dabbobi kuma yana auna ta kowane mako. Dabo ya san dokar, har hannu ya sa a takarda, kuma shekara biyu bai karya ta ba.

Azumin 2016 ya zo a watan Yuni, da zafi da dogon yini: a rufe baki kafin ƙarfe huɗu, ba a buɗewa sai takwas da rabi. Ranar huɗu ga azumi Dabo ya shiga ɗakin da maƙogwaro a bushe, ya tarar da Olive tana lasar bakin kwalbar da ba komai a ciki. Ya wuce ta, ya share kejin gaba, ya dawo. A gidansu na Ringim randa ce a zaure don mai wucewa, kuma ko kare ya zo yana haki sai an zuba masa a kasko. Bai taɓa ganin an hana mai ƙishirwa ruwa ba, balle a watan da kowa ke neman lada. Ya cika sirinji, mililita ashirin, ya miƙa ta tsakanin ƙarafa. Ta riƙe yatsansa har ta shanye.

Ya ce yau kaɗai. Washegari ya sake. Kafin mako ya zagayo ashirin ta koma sittin, kuma ko sau ɗaya bai rubuta a takardar da ke jikin kejin ba.

Olive ta daina aiki. Sai ta zauna tana kallon silin, hannun ƙarfen ya ɗan ɗaga ya koma ya rataye. Dakta Lizzy, shugabar binciken, ta sauya igiyoyin lantarki, ta sauya kwamfuta, ta duba takardar ruwa ta ga komai daidai. Ranar Alhamis, 23 ga Yuni, aka yi taro aka yanke cewa wayoyin da ke ƙwaƙwalwarta ne suka mutu, ranar Litinin za a sake buɗe kan Olive. Likitan dabbobi ya ce a shekarunta ba zai yi alkawarin za ta farka ba.

Dabo yana tsaye a bakin ƙofa ya ji komai. Ya koma ya wanke kwanonin da ya riga ya wanke. Ya fita wurin ajiye motoci ya zaga sau uku a cikin rana. Elvis, abokin aikinsa ɗan Ghana, ya ga yana ta safa da marwa.

"Alhaji, in yunwa ce ga biskit ɗin birai nan, ba zan gaya wa limaminku ba."

Dabo ya yi murmushin dole. Ya buɗe baki zai faɗa masa, sai ya tambaye shi ƙarfe nawa.

A hanyar gida ya wuce kwanar unguwarsu bai sani ba, sai da ya juyo. Da aka sha ruwa ya ɗauki dabino ya ajiye, ya tashi ya leƙa taga, ya dawo. Humaira ta tambaye shi da Turanci ko lafiya, ya ce ta ci abincinta. Da yarinyar ta shiga ɗaki, ya zayyana wa Tayyiba komai, yana ta maimaita cewa shi taimako ya yi niyya. Ya ce wataƙila ma wayoyin sun mutu da gaske. Ya ce in ya yi magana korarsa za a yi, kuma mai shekara arba'in da bakwai ba ya komawa dako. Ya ce zai daina ba ta daga gobe, shi ke nan.

Tayyiba, wadda ke aikin jinyar tsofaffi a Takoma Park, ta tambaye shi ko za a sake gwada Olive kafin Litinin. Ya ce a'a, an dakatar.

"To Malam, ka daina ko kar ka daina, wa zai gani? Kai ka ba ta ruwa, ita za a yanka."



Ranar Juma'a ya isa kafin kowa. Sau biyu yana zuwa ƙofar ofishin Dakta Lizzy yana komawa. A na uku ita ta buɗe ta same shi a tsaye. Ya faɗa mata ranar da ya fara da yawan abin da yake bayarwa. Ta daɗe tana kallonsa, fuskarta ta yi ja. Ta ce aikin mako biyu ya lalace, kuma saura kwana uku da ta sa wuƙa a kan dabba mai lafiya. Sannan ta tambaye shi dalili.

"Ina azumi, Dakta. Na san abin da take ji."

Ta ce ita ma ba daɗin dokar take ji ba, amma wurin faɗin haka ofishinta ne, ba bakin keji a ɓoye ba. Ta karɓi katinsa na shiga ɗakin birai, ta ce ya je gida a kira shi.

Asabar da Lahadi ya gyara famfon kicin da bai lalace ba, ya wanke mota sau biyu, ya je Upper Marlboro gaishe da wani ɗan garinsu ya taso kafin a gama gaisawa. Ranar Litinin ba a yi tiyata ba, kujera aka kai Olive. Wajen la'asar Elvis ya kira shi, ya ce Olive ta taɓa ƙwallo sau ɗari biyu da goma, hannun ƙarfen har ƙara yake.

Ba a kori Dabo ba. An ba shi takardar gargaɗi, aka mayar da shi hawan ƙasa, sashen ɓeraye, inda ruwa ke rataye a kowane keji dare da rana. Har yanzu yana can. Ya rubuta takardar neman komawa wurin birai a 2017, ya sake a 2019. A ta biyun an kira shi an tambaye shi ko zai iya alkawarin ba zai sake ba. Ya ce wata goma sha ɗaya na shekara zai iya, ban da na azumi. Ba a mayar da shi ba.