Kawu Nata'ala da Ramin Hanyar Maje

A bakin Inna na fara jin sunan Nata'ala, ranar da na diro daga kan turmi na fasa leɓe. Ta ce, "Jinin Nata'ala ke nan, ƙafa ba ta son ƙasa." Sai da na ƙara wayo na san ƙaninta ne, mai ɗauko doya a keke daga Maje zuwa kasuwar garinmu, tun ana kiran garin Abuja, ba a mai da shi Suleja ba.

Kekensa ƙarami ne, mai gajerun ƙafafu. A gangaren hanyar Maje akwai wani rami da ruwa ya zaizaye, faɗinsa bai kai kamu ɗaya ba, ga duwatsu a bakinsa. Kowa sauka yake yi ya tsallakar da kekensa. Kawu ba ya sauka. In ya iso sai ya matsa baya a kan sirdi, ya danna feda, ya fizgo kan keken, ƙafar gaba ta tashi ta dira ƙetare, ta baya ta biyo da kaya. Shekara tara yana haka.

A 1976 baƙi suka fara cika gari saboda maganar sabon babban birni, doya ta yi kasuwa. Kawu ya musanya kekensa da babba, mai manyan ƙafafu, don ya riƙa ɗora lodi biyu a tafiya ɗaya. Yohanna mai gyaran keke a unguwar Bagama shi ya ɗaure masa kariyar ɗora kaya a baya, shi ne kuma ya ba mu labarin hirarsu.

Ya ce masa, "Nata'ala, wannan fa ba 'yar akuyarka ba ce, bijimi ne. Babbar ƙafa nauyi gare ta, ga keken da tsawo, ba ya ɗaga kai da wuri. Ka riƙa sauka a ramin nan."

Kawu ya ce, "In sauka, matan Maje suna kallo? Kai dai buga mini iska, maƙerin taya."

Washegari da hantsi ya gangaro da doya. Hannunsa ya yi abin da ya saba, daidai inda ya saba. Kan keken ya ɗan motsa, bai tashi ba. Ƙafar gaba ta faɗa ramin, Kawu ya wuntsila ta sama, lodin ya biyo shi a gadon baya.

An kai shi asibiti, an kai shi wurin maɗori. Shekara uku ke nan daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Ni nake kai masa abinci a ɗakin soron gidanmu. Ba ya maganar ciwo, bai taɓa tambayar inda keken yake ba.

Ran nan ina tattara kwanuka ya riƙe mini hannu.

"Yalwa, ke kin yi boko. Akwai wata bishiyar ɗorawa kafin ramin. Ki je ki ƙirga mini taku nawa ne daga gindinta zuwa bakinsa. So nake in san inda ya kamata in fara jan kan keken."