Malam Illa da Igiyar Salka

Kafin rana ta hau kan duwatsun Zinder, Malam Illa ya riga ya shimfiɗa tsohon buhunsa a gindin dogon yaron da ke bakin hanyar Kara-Kara. Sai ya jera kayan aiki, ya goge ɗan ma'aunin wutarsa mai allura da bakin riga, sannan ya zauna jiran motar da ta gagari kowa. Aikinsa wayoyin mota, shekara talatin da biyar ke nan. Ba shi da allo mai suna, ba shi da rumfar kirki, kuma idan ka kawo masa mota kana gaggawa, ranka zai ɓaci, domin ba ya taɓa ta sai ya gama yi maka tambayoyi kamar alƙali. Direbobi na zolayarsa da Illa Sai-ka-faɗa.

A makon jiya ya naɗe buhun nan. Idanu sun gaji, jar waya da baƙa sun fara zame masa iri ɗaya, kuma ya ce ba zai riƙa lalube a motar mutane ba. Da na ji, sai raina ya sosu, na ce ba zan bari ya koma gida shiru ba, domin akwai abin da na gani da idona.

Shekarar da fara ta biyo bayan fari ce. Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye can bayan Hamdara. Rumbuna sun ƙare tun kafin bazara, har mutane suka daka irin da suka ajiye don shuka suka ci. Matan garin suna da rumbun haɗin gwiwa, shugabarsu Gwaggo Ramlatu, tsohuwar da ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Ita ta yi ta zirga-zirga Zinder har aka ba su buhunan irin gero mai saurin nuna. Ranar da muka zo ɗauka, saƙo ya iske mu cewa ruwan farko ya sauka a gida. Duk manomi ya san ƙasarmu: yashi ne, laimarsa kwana biyu ce. In iri bai shiga rami ba kafin ta bushe, sai jiran wani ruwan, kuma a shekara irin wannan wa ya san ranar zuwansa?

Motar da za ta kai mu ƴar bashe ce, mai buɗaɗɗen baya, direbanta Tanimu. Ta jima tana ba shi wahala. Makanikai biyu sun duba, sun ce sondi ya mutu, wato ɗan ƙarfen nan da ke maƙale a bututun hayaƙi, yana shinshina hayaƙin yana gaya wa inji yawan man da zai sha. Sabo kuwa sai an aika Kano, kwana huɗu in an yi sa'a. Tanimu ya ce mu gwada haka nan. Muka loda iri da safe, ya cika salkarsa da ruwa ya rataye ta a ƙarƙashin mota don ta yi sanyi, kamar yadda direbobin daji ke yi. Ko fita gari ba mu yi ba ta fara tari, tana zubo baƙin hayaƙi, ta mutu. Da turi muka kai ta gindin dogon yaro.

Malam Illa ya ce mu zauna. Gwaggo Ramlatu ta ce, "Malam, ƙasa na bushewa, kai kana cewa a zauna?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, in na yi sauri kwana za ku yi nan." Ya juya ga Tanimu. "Yaushe take yin haka?"

"Da safe in zan tafi, Baba Illa. In na juyo da yamma lafiya lau. Nauyin kaya ne ba ta so."

"Ka taɓa dawowa da kaya?"

Tanimu ya ce, "Sau ɗaya. Mutane cike, da awakinsu da za su sayar."

"Ta yi tari?"

"Ko kaɗan."

"To ba nauyi ba ne."

Ya kwance buji, wato fulogogin inji, duk sun yi baƙi ƙirin, alamar inji na shan mai fiye da ƙima. Ya goge su ya mayar, ya sa aka tayar da ita da ƙyar. Da ta ɗauki zafi sai ya zare wayar sondi, ya ɗora ma'auninsa a bakin sondin kansa, allura ta motsa. "Wannan da ransa," in ji shi, "ƙarya ake yi masa." Ya mayar da wayar, ya auna can ƙarshenta inda take shiga wajen inji, allura ta kwanta ƙasa ba motsi. Ya ce sondi yana aika saƙo, amma saƙon yana zubewa a hanya, shi ya sa inji ke zaton mai ya yi kaɗan yana ta ƙarawa.

Sai ya ja buhunsa ya shige ƙarƙashin mota, yana bin wayar da yatsa. Muna tsaye rana na hawa, Gwaggo Ramlatu tana kallon sama tana jan carbi. Can muka ji yana dariya. Ya leƙo da ɗigon ruwa a goshi.

"Mushe," ya ce da ni, don haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, "riƙe ma'aunin nan ka kalli allura. Kai Tanimu, durƙusa ka tallabi salkarka."

Tanimu ya ɗaga salka, allura ta tashi tana rawa, muryar inji ta fara daidaita. Ya sake ta, allura ta faɗi. Ashe da Tanimu ya zagaya igiyar salka a jikin ƙarfe, ya haɗa da wayar bai sani ba. In salka ta cika, nauyinta yana jan wayar ta kwanta a kan bututun hayaƙi, zafi ya cinye robarta har ƙarfe na taɓa ƙarfe. In an shanye ruwan kan hanya, igiya ta saki, mota ta warke. Kuma duk sanda ya kai ta gareji, da yamma ne, salka ba ko ɗigo.

Tanimu ya ji kunya har ya kai hannu zai yanke igiyar ya yar. Malam Illa ya riƙe shi. "Haba ɗana, ka shiga dajin nan ba ruwa? Salka ba ta yi laifi ba, wurin ɗaurin ne." Ya yanke inda wayar ta ƙone, ya haɗa ya naɗe, ya nisanta ta da zafi, sannan ya lanƙwasa wani guntun ƙarfe ya yi wa salka maratayi a gefe. Kafin azahar muna hanya. Da la'asar mata da maza suna gona, diddige na rufe rami, ƙasa da sauran sanyinta. Na ga Gwaggo Ramlatu ta damƙi yashi ta ji laima, sai ta zauna a bakin gona ta yi kukanta.

Malam Illa, kai ne wanda bai ɗora laifi a kan abin da kowa ya nuna ba sai da ya auna. Kai ne ka saurari direba har ya faɗi abin da shi kansa bai san ya sani ba. Ba ka taɓa zuwa ƙauyen nan ba, ba ka ga geron da ya fito ba, amma hannunka na cikin kowace zangarniya. Likitan waya, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske.

Ku kuma masu sana'a, makanike ne kai ko malamin lakwal irina, ku koyi zama ku yi tambaya kafin ku ce abu ya mutu. Sau nawa muka yanke wa ɗan makaranta hukunci, alhali matsalar tana kan hanya tsakaninmu da shi?

Tun daga shekarar nan, kowace kaka damin gero yana zuwa gindin dogon yaro. Bana ma damina ta sake yi mana rowa, amma ranar da ya naɗe buhunsa sai ga Tanimu ya sauke Gwaggo Ramlatu, da ɗan dami a baya. Malam Illa ya ce, "Gwaggo, mayar da shi, bana ku kuka fi ni buƙata. Ku ajiye na iri."

Ta ce, "Iri yana rumbu, Malam, mabuɗin yana wuyana. Jikan geron da ka kai mana ne, kuma tun ranar ba wanda ya sake daka shi. Wannan naka ne, karɓi."

Ya karɓa da hannu biyu. Mun gode, Malam Illa.