Shirun Yayana

Shagon da na fara aiki a unguwar Nima, cikin birnin Ankara, na wani Alhaji ne mai shigo da kayan gyaran mota, rumfunansa suna kasuwar Abossey Okai. Tarho ya ishe shi: yau ruwa ya shiga waya, gobe ɓarayi sun yanke ta, ga masu sayar masa da kaya a ƙasashen waje suna jiran amsa. Sai ya sa aka kafa masa wani farin faranti a kan rufin shagon, fuskarsa na kallon sama. Waya ta sauko daga jikinsa zuwa wani akwati a ƙarƙashin teburina, daga nan ta rarrabu zuwa kwamfutoci da tarho guda. Lokacin wayar hannu ba ta zama ruwan dare ba, saboda haka ya buɗe wa jama'a ƙofa su ma su riƙa kira, ni kuma aka ɗora ni a kan teburin.

Mutumin da ya kafa farantin ya yi mini bayani, na riƙe. Magana ba ta tafiya kai tsaye. Sai ta hau zuwa tauraron ɗan'adam, ta sauko a wata babbar tasha a Turai, sannan a miƙa ta inda za ta. Amsa ma ta wannan hanyar take dawowa. Saboda nisan, idan ka yi magana akwai ɗan shiru kafin ka ji amsa. Saƙon kwamfuta bai damu da wannan ba, amma gaisuwa ta sha wahala. Mu da muke gaisuwa kamar masu dakan gero, wannan ya sauke taɓarya wancan ya ɗaga, sai ga shi kana "ina gajiya" wancan yana "lafiya lau" ta tambayar baya, ku yi karo, ku yi shiru tare, ku sake farawa tare.

'Yan kasuwa ba su daɗe ba suka gano dabara. Kowa ya faɗi tasa har ƙarshe, ya ce "na gama", sannan ɗayan ya ɗauka. Da haka ake cinikin injin mota sukutum ba a taka ƙafar juna ba.

Babana ne ya ƙi. Mahauci ne, ya zo Ankara daga Nijar tun yana saurayi, kuma bai taɓa yarda Hausarsa ta gurɓata irin tamu ba. Yayana, ɗansa namiji tilo, ya tafi Turai ba da son ransa ba. Da na samu aikin nan na yi murna, na ce ga hanyar da zan sasanta su. Na lallaɓi Baba, ya zo wata Juma'a bayan an sauko masallaci, ya zauna a kujerar roba, na miƙa masa kan tarho, na gaya masa yadda ake yi.

Ya dube ni. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ni zan ce wa ɗan cikina na gama? Sai ya ba ni izini in yi magana?"

Gaisuwar ta harɗe kamar yadda na yi tsoro. Yaya ya yi ta katse shi ba da niyya ba. Daga nan Baba ya yi tambayar da ta kawo shi: "Yaushe za ka dawo gida?"

Shiru. Ina kallon fuskarsa tana ɗaurewa. Can muryar Yaya ta fito, ina jin ta daga inda nake: "Baaba, small time, insha Allahu. Takarda na bai fito ba." Wato saura kaɗan, takardar izinin zama yake jira.

Baba ya aje tarhon a hankali. Ya ce, "Yaron nan sai da ya tsaya ya ƙera ƙarya."

Na rantse masa farantin ne. Na fitar da shi waje na nuna masa rufi, na nuna masa sama, na zana masa hanyar da yatsa. Ya ce ya yi shekaru yana ciniki, ya san shirun mai gaskiya, ya san na maƙaryaci. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Duk da haka ya ci gaba da zuwa jefi-jefi, yana maimaita tambayar, yana kasa kunne ga shirun fiye da amsar. Ni kuma kullum ina tsaye a kansa kamar lauya, ina kare Yaya, ina zagin ƙarfe. Har mahaifiyarmu na sa ta yi masa magana. Daga baya ya daina zuwa. Idan na ce Yaya yana gaishe shi, sai ya ce yana amsawa, ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Shekaru suka shuɗe. Wayar hannu ta shiga aljihun kowa, har mai tallan ruwa a tashar motocin haya na trotro. Alhaji ya rufe shagon, masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka sauke farantin. Baba ya kwanta ciwo a ɗakinsa na unguwar Maamobi, ƙafafu suka kumbura, da muka kai shi asibiti likita ya ce mu mayar da shi gida mu yi ta addu'a. Wata safiya ya ce in kira masa yaron nan, ni in tambaye shi, shi ba zai iya ba.

Na fita tsakar gida na kira. Layin garau, har ƙarar cokalinsa a kofin shayi ina ji. Muka gaisa tsaf, babu karo ko ɗaya. Takardarsa ta daɗe da fitowa, wannan kowa ya sani. Na ce, "Yaya, jikin Baba ya yi tsanani. Yana tambaya yaushe za ka zo."

Ya yi shiru. Na jira, ina jin numfashinsa a kunnena. Sai can ya ce, "Small time, insha Allahu."

Na koma ɗaki. Baba bai tambaye ni abin da ya ce ba. Cewa ya yi, "Ya amsa da wuri?"

Na ce, "E, Baba. Nan take."